Ranar da Na Kira Sunansa a Cikin Jirgin Yaƙi

Mun tashi da asuba, ƙarfe shida saura kwata daidai, ranar Asabar ɗin da ta wuce, daga ƙofar gidanmu a unguwar Tremont. Mu uku ne a motar. Malam, maigidana, yana tuƙi, ni ina gefensa, babban ɗanmu yana baya. Auta ba ta bi mu ba, da mura da zazzaɓi ta kwana, na bar ta wajen maƙwabciyarmu 'yar Kumasi. Ku riƙe wannan, domin rashin auta yana cikin abin da zan ba ku labari.

Kafin mu hau hanya, akwai abu biyu da ya kamata ku sani.

Na farko, ba yawon buɗe ido ne ya fitar da ni ba. Akwai takarda a jakata. Yaron nan shekararsa goma sha bakwai, bana zai gama sakandare, ya ce shi aikin sojan ruwa zai shiga. A dokar ƙasar nan, wanda bai cika sha takwas ba sai uwa da uba sun sa masa hannu. Malam ya sa nasa tuni. Ya ce a can za a koya wa yaro aikin inji, a taimaka masa da karatu, ya fi masa zaman bakin titi. Saura nawa hannun, kuma ranar Litinin za a mayar da takardar. Na ce ni ba na sa hannu a kan abin da idona bai gani ba. Shi ya sa yaron ya tsara mana tafiya: a fara nuna mini inda ake ƙera jiragen yaƙi a da, sannan a kai ni in shiga ɗaya da ƙafata.

Na biyu, tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Malam ya ci, kunya biyu ke nan. Haka na tashi na ga uwata tana yi da yayanmu a Fagge. In ina son ya ci abinci, sai in ce wa auta, “Faɗa wa yayanki tuwo yana hucewa.” In ba ta kusa, in ce “kai”. Ko a asibiti aka tambaye ni sunansa, katinsa nake miƙawa. Wata malamarsu ta firamare ta taɓa tambayar Malam ko ni ce na haife shi. Shi kuma yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake amsawa, kamar sauran yaran da aka haifa a nan.

Hanya babu cunkoso. Malam ya daɗe yana tuƙin tasi, ya san kowane rami a garin nan kamar shi ya haƙa. Muka gangara ta Harlem, muka bi gefen kogi har Canal Street. Shaguna duk a rufe, sai wani ɗan Nijar guda yana tura kayansa a amalanke, ya rufe da leda. Malam ya nuna wa yaron kusurwar da ya fara tallar agogo lokacin da ya zo ƙasar nan, ya ce a nan sanyi ya koya masa sa wando biyu. Daga nan muka haye gada zuwa Brooklyn.

Ƙarfe bakwai saura muka tsaya a bayan tsohon filin ƙera jirage. Ba mu shiga ba, wurin yanzu na masana'antu ne. Amma Malam ya san wani lungu da ake leƙawa ta shingen waya. Na ga manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya sun yi tsatsa, na ga wani dogon rami kamar kududdufin da aka ɗaɓe da dutse, wanda a cikinsa ake kwantar da jirgi a yi masa aiki. Yaron ya yi bayani, kuma na yaba da yadda ya jera shi. Da farko a shimfiɗa ƙashin baya na ƙarfe. Sai a kafa haƙarƙari. Sai a lulluɓe da faranten ƙarfe, masu walda da masu buga ƙusa suna bi dare da rana. Jirgi ɗaya yana cin shekaru. Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu da maza suka tafi, har mata sun riƙe walda a nan. In an gama, sai a kira wata mace ta fasa kwalbar giya a hancin jirgin, a tura shi ruwa. Na ce abin da aka fara da fasa kwalba, Allah ya kyauta ƙarshensa.

Sai na ce wa Malam ya tambaye shi, jiragen da aka ƙera a nan, yanzu suna ina. Yaron yana tsaye a gefena, ya ji da kunnensa, amma sai da Malam ya maimaita. Ba ya ƙarya, wannan na shaide shi. Ya ce wasu an yanyanka su an sayar wa 'yan gwangwan. Wasu an ɗaure su a bakin ruwa ana kallo. Akwai kuma ɗaya da aka ƙera a filin nan, jiragen sama suka nutsar da shi a Hawaii da safe yana tsaye a tasha, kuma har yau ɗaruruwan mutanensa suna cikinsa. Ba a fito da su ba.

Malam ya harare shi, amma magana ta riga ta fita.

Ni aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Ban da wannan, ina cikin matan da ake kira wankan gawa a masallacinmu. Na san jerin abin: ruwa, alwala, dama kafin hagu, likkafani, salla, sai ƙasa, fuska ga alƙibla. Na yi wa matan da ban sani ba. Shi ya sa maganar mutanen da suke kwance cikin ƙarfe a ƙarƙashin ruwa ta zauna mini a ƙirji kamar dutse. Na koma mota.

Daga Brooklyn muka hau wata gada mai tsawo zuwa Staten Island. Ta yi sama ƙwarai, ruwa ta ko'ina, na runtse ido ina salati har muka sauka. Ni mutuniyar tudu ce. Ban ga ruwan da ba a hango gaɓarsa ba sai ta tagar jirgin sama, ranar da na zo. Muka shiga jihar New Jersey muka kama babban titin kudu. Titin lafiyayye ne, sai dai a biya a shiga, a biya a fita, Malam yana ta ƙorafi. Muka tsaya a wurin hutawa. Malam ya duba farashin shayinsu ya dawo yana cewa ko da zinariya aka dafa shi ba zai saya ba. Dama na zo da fulas, da ƙosai, da dambun nama a kula. Su biyu suka ci. Ni ruwa kawai na iya sha.

Ƙarfe goma da 'yan mintoci muka isa. Jirgin yana ɗaure a bakin kogi, fari-fari da toka-toka, tun daga nesa ya tare sama. Na sha ganin hotonsa a wayar yaron, amma waya tana rage abu. Tsawonsa ya fi layinmu na Tremont daga kusurwa zuwa kusurwa. Manyan igwoyi tara, uku-uku a jere, kowane baki yaro zai iya rarrafawa ciki. Aka nuna mana harsashi ɗaya a tsaye, ya kusa kai ni tsawo, wai nauyinsa kamar na ƙaramar mota.

Mai yi mana jagora wani tsohon Bature ne da hular soja, ya yi aiki a irin jirgin nan yana saurayi, yanzu sa kai yake yi. Aka haɗa mu da wasu 'yan makaranta da malamansu. Turancina na aiki ne, amma tsoho yana magana a hankali, irin maganar tsofaffin da nake kulawa da su, don haka na fahimci mafi yawa. Ya ce ƙasashe sun yi tsere wajen ƙera waɗannan jirage, kowa yana son nasa ya fi girma da kaurin ƙarfe. Japan ta ƙera waɗanda suka fi na kowa, a ɓoye. Duk da haka ƙananan jiragen sama ne suka taru musu kamar ƙudan zuma har suka kifar da su, da dubban mutane a ciki. Ya ce tun daga lokacin aka gane zamanin manyan igwoyi ya wuce. Na ce a raina, an tara ƙarfen da zai yi wa gari guda rufi, ƙarshensa ko gwangwan, ko kallo, ko kabari.

Sai aka ce za a sauka ciki.

A matakalar farko Malam ya tsaya. Gwiwarsa ta daɗe tana damunsa, tuƙi ya cinye ta. Ya leƙa ramin, ya ce shi zai jira mu a sama wajen inuwar igwa. Na dube shi, ya kau da kai. Ga shi babu auta. A rayuwata ban taɓa tafiya ni da yaron nan mu biyu kawai ba, babu wanda zan aika da magana.

Ga shawara ga mata: kada ki je wurin nan da zani. Matakalar tsani ce, a miƙe take, da baya ake sauka. Kowace ƙofa dokinta ya kai ƙauri, sai an ɗaga ƙafa an kuma sunkuyar da kai lokaci ɗaya. Na tattare atamfata da hannu ɗaya, jaka a ɗayan. Yaron yana gaba, in mun zo ƙofa sai ya tsaya ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba, ni kuma in yi kamar ban gani ba in dafa ƙarfe. An ja layi da fenti a ƙasa don baƙi su bi. Wannan ya yi mini, ban sauka daga kansa ba ko taku ɗaya.

Muka sauka hawa ɗaya, biyu, uku. Babu taga. Warin fenti da tsohon mai. Bututu da wayoyi sun cika rufi, mai tsawo sai ya duƙa. Aka nuna mana wurin kwana, gadaje a kan gadaje, tsakanin mutum da na samansa bai fi kamu biyu ba. Na auna da ido. Na san wannan faɗin, na sha ganinsa a maƙabarta. Tsoho ya ce inda muke tsaye, ruwan kogi yana sama da kanmu ta wajen bango. 'Yan makaranta suka yi shewa.

A wani dogon lungu tsoho ya tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe mai maɗaurai kewaye da ita. Ya ce wannan ce ran jirgi. An raba cikinsa ɗaki-ɗaki, yadda in bam ya huda gefe ɗaya, a rufe ƙofofin wurin, ruwa ya cika can kaɗai, sauran jirgi ya tsira. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya, in akwai mutane a ciki fa? Tsoho ya ce ana rufewa. Wanda ya fi kusa da ƙofa shi yake rufewa, ko da abokinsa ne a ciki, ko yana jin bugunsa. Bayan an lafa sai a tara mutane a kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba a san inda yake.

Daga nan ya ce yana son wani mai ƙarfi ya shiga ɗaya ɓangaren ya rufe, yara su ga yadda ake yi, kada ya buɗe sai ya ji an ƙwanƙwasa. Kafin in ankara, yaron nan ya ɗaga ƙafa ya haye. Ya jawo ƙofar. Na ga fuskarsa tana raguwa har ta ɓace. Na ji maɗauran suna shiga ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga su ban sani ba. A daidai lokacin aka saki jiniyar yaƙi ta lasifika, irin wadda suke kunna wa baƙi.

Na san wasa ne. Na san jirgin a ɗaure yake, an yi shekaru bai motsa ba. Ilimina bai yi zurfi ba amma ba ni da wauta. Duk da haka ƙafafuna suka sauka daga layin fenti suka kai ni jikin ƙofar. Na buga da tafin hannu, ƙarfen ya shanye bugun, ko ni ban ji ba. Na ce, “Kai!” Jiniya ta danne. Na sake cewa, “Kai, buɗe!” Wani malamin makarantar ya waiwayo, yana zaton da shi nake. A cikin wannan lungu kowa “kai” ne. Na juya neman auta, babu. Na juya neman Malam, yana hawa uku a sama.

Sai na kira sunansa. Sunan surukina, cikakke, da muryar da ban san ina da ita ba. Sau biyu.

Tsoho ya yi sauri ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, amma maɗauran sun riga sun fara juyawa. Ƙofa ta buɗe. Yaron yana tsaye, idonsa a kaina.

“Na'am, Umma,” ya ce.

Da Hausa ya faɗa. Rabon da in ji Hausa a bakinsa tun yana aji biyu.

Ban kira shi da wata magana a shirye ba. Na ce masa ya fito, wurin da zafi. Tsoho ya ba ni haƙuri, na ce ba laifinsa ba ne. Ba mu ƙarasa zagayen ba. Da muka zo ƙofa ta gaba ya miƙo hannu, na kama.

A sama muka tarar da Malam yana gyangyaɗi a inuwa. Yaron ya tafi nemo mini ruwa, na faɗa wa Malam abin da ya faru. Ya kalle ni ya ce, “To, Hajiya, shekara goma sha bakwai kina ɓoye sunan Baba, sai a cikin jirgin Nasara kika ga damar fito da shi?” Ya so in yi dariya. Da ya ga ban yi ba sai ya bari.

Muka yi azahar a wurin ajiye motoci, a kan kwali. Muka ci sauran dambu. Hanyar dawowa ta fi tsawo, cunkoso ya kama mu kafin gadar shiga gari. Takardar tana cikin jaka a kan cinyata, ina jin ta kamar garwashi. Ƙarfe shida da rabi muka iso Tremont, na karɓo auta, zazzaɓinta ya sauka.

Bayan magariba na fito da takardar na shimfiɗa a teburin kicin. Auta ta matso da kanta, ta saba ita ce 'yar aike. Na ce ta je ɗaki. Na kira yaron da sunansa, wannan karon a hankali. Ya zo ya zauna. Malam yana bakin ƙofa.

Yaron ne ya fara. Da Hausarsa mai tuntuɓe, yana cikawa da Turanci, ya ce jiragen yanzu ba irin wancan ba ne, kuma mafi yawan masu aikin suna gamawa lafiya su dawo gida. Ya ce a titin nan namu ma ana mutuwa, ya ambaci wani abokinsu.

Na ce, “Gaskiya ka faɗa. Amma wanda ya mutu a titin nan, uwarsa ta san inda aka kwantar da shi. Ƙofofin nan fa, a jiragen yanzu an daina rufe su?”

Ya sunkuyar da kai. “Ana rufewa, Umma.”

“To ni ba zan zama mai rufewar ba. Hannuna ba zai hau takardar nan ba. Watan Satumba za ka cika sha takwas, lokacin hannunka ya isa. In har ranka yana kai, ka tafi, ba zan yi maka baki ba, albarka zan sa maka. Amma ba ni zan tura ka ba.”

Bai yi musu ba. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu, bai yaga ba. Na lura da wannan.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ga ƙarfe mafi kauri da ɗan Adam ya ƙera, kuma na ji yadda ruwa ya ci irinsa. Na kuma gane kunyar da na gada ba ta da laifi a Fagge, inda gida cike yake da kakanni da gwaggwanni masu kiran yaro su yi masa wasa a madadin uwarsa. A nan mu huɗu ne a ɗaki biyu. In ban kira shi ba, wa zai kira shi? Jiya da asuba ni na tashe shi salla, da sunansa. Bakina bai saba ba, har yanzu sai na waiwaya kamar surukina yana ji.

Tsoron bai tafi ba. Takardar tana aljihunsa, Satumba saura wata biyar, ina ƙirgawa.

Don haka ina roƙonku abu biyu. Na ɗaya, duk wanda ɗansa ko ƙaninsa yake aikin sojan ruwa a ƙasar nan, ya rubuto mini a ƙarƙashin wannan rubutu, ya gaya mini gaskiya ba lallashi ba: in Musulmi ya rasu a tsakiyar teku, ana dawo wa uwarsa da shi? Na biyu, ku sa yaron nan a addu'a. Ba zan rubuta sunansa a nan ba, wannan kam ban kai ba tukuna. Ku ce ɗan farin matar Tremont, Allah ya san shi.